Wa Ke Da Alhakin Itatuwan Birnin Kano?

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai da matasan ma'aikata, kowace shekara idan hadarin farko ya taso daga gabas a watan Mayu ko Yuni, labarin da kan biyo baya guda ɗaya ne: reshe ya karye ya tsinke wayar lantarki, itace ya faɗo ya tare hanya, rumfar wani talaka ta rushe. Sai a ce tsautsayi ne. To, tsautsayi gaskiya ne, amma reshen da ya shekara a bushe bisa kan masu wucewa, mutanen unguwa suka kai kuka har suka gaji, ranar da ya faɗo sakaci ne ya kayar da shi.

Itatuwan nan gado ne. Maɗatan da ke jere a tsofaffin titunan Nasarawa tun zamanin Turawa aka dasa su. Darbejiya kuwa, wadda asalinta daga ƙasar Indiya ne, a 1928 aka shigo da ita ƙasar Barno, daga nan ta bazu ko'ina cikin Arewa. Bayan farin da aka sha daga 1972 zuwa 1974 gwamnatoci suka ƙara himma wajen dashe. Waɗanda suka yi wannan aiki yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya, mu ne ke shan inuwa. Mai shayi, da mai faci, da ɗan makarantar da ke jiran mota da tsakar rana, duk a ƙarƙashinsu suke fakewa.

Sai dai itacen da ke bakin titi ba kamar na dawa yake ba, domin kuwa wahalarsa ta fi yawa. Masu haƙa lambatu su datse masa saiwa. Masu neman magani su sassaƙe ɓawon maɗaci, idan kuwa sassaƙen ya kewaye gindin, itacen ya kama hanyar mutuwa ke nan. Kauci ya hau rassa yana tsotsewa, gara ta shiga ciki tana ci. Ma'aikatan lantarki su zo su sare ɓarin da ya taɓa waya kaɗai, su bar itacen da nauyi gefe guda. Irin wannan itace iska kawai yake jira. Alhali kuwa maganin ba mai tsada ba ne: tsani, da zarto, da igiya, da mutumin da ya san inda ake yanka reshe domin wurin ya warke bai ruɓe ba. Lokacin aikin ma sananne ne, watau rani, kafin iskar bazara ta taso. Ai ba a fafe gora ranar tafiya.

To, me ke kawo jinkiri? Doka dai ba ta ɓoye kome ba. Tun gyaran 1976, wanda ya kawo ƙananan hukumomi a madadin En'e, ake ɗora musu irin wannan hidima, kuma Jadawali na Huɗu na Tsarin Mulkin 1999 ya ambaci kula da tituna, da magudanan ruwa, da lambuna, da filayen shaƙatawa cikin ayyukansu. Amma je ka kai ƙara ka sha mamaki. Ƙaramar hukuma ta ce titin na jiha ne, jiha ta ce na Tarayya ne, wani ofishin ya ce sai an kashe wuta tukuna. Birni ɗaya, ƙananan hukumomi 8 sun raba shi, takarda tana yawo daga tebur zuwa tebur har damina ta faɗi. Ranar da ɓarna ta auku kuma, sai a aiko masu inji su sare itacen daga tushe, a haɗa da lafiyayyun da ke kusa, masu gidan burodi su kwashe. Abin da ya yi shekara 60 yana girma ya tafi a wuni ɗaya.

Daɗin daɗawa, mu mutane ne masu son bikin dashe. A kafa rumfa, manya su zo su dasa, a ɗauki hoto, a watse. Gyaran reshe ba shi da makaɗa, shi ya sa ba shi da mai so.

Saboda haka ga shawarata. Na farko, kowace ƙaramar hukuma ta ƙidaya itatuwan titunanta, ta sa musu lamba, ta rubuta lafiyar kowanne. Na biyu, a keɓe ofishi guda wanda za a kai wa ƙara, a yanka masa kwanakin da zai amsa. Na uku, a sa kuɗin gyaran cikin kasafin shekara, a gama aikin kafin ƙarshen Afrilu. A watan Yuli na 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, saboda haka talaka yana da damar tambayar shugabansa inda aka kwana. Ɗaliban ilmin gandun daji kuwa, Ƙungiyarmu tana iya shirya su su taimaka da ƙidayar lokacin hutu.

Ku kuma da kuka kama aiki, watakila takardar wata unguwa tana kan teburinku yanzu haka. Ku sa mata hannu ta wuce, domin ba wanda ya san wanda zai bi ta ƙarƙashin reshen nan ranar da iska za ta zo. Allah Ya kiyashe mu, amin.