Zuwa ga maƙeran Tamaske: a daina kankare tsofaffin takubba

Sarkin Maƙera, ranka ya daɗe. Iyayena da yayyena masu masaba a Tamaske, Keita, Buza da Madawa, sannunku da wuta.

Roƙo ne ke tafe da ni, a kan tsofaffin takubban da ake zarowa daga ɗaki a kawo muku idan Salla ta gabato ko za a yi naɗi. Mai takobi ya ce ƙyalli yake so. Yaro ya ɗora shi a injin gurza, kafin shayi ya nuna ruwan takobin ya yi fari tas, 'yan alamun jinjirin watan nan biyu da aka buga a jikinsa sun tafi, kwarmin tsakiya ya shafe. An biya lada, an kashe gado.

Alamun nan su ne shaidar asali. Da Heinrich Barth ya shiga Kano a 1851, ya tarar ana kawo ruwan takubba daga Solingen ta Jamus, maƙeranmu su sa ƙota, dukawa su ɗinka kube. Wasu kuma a nan aka ƙera su aka kwaikwayi tambarin. Ido mai sani yana rarrabewa, muddin ba a goge ba.

Ku ji yadda Japanawa suke yi. Maƙerinsu yana ninke ƙarfe ya buge, ya sake ninkewa har sau goma sha, sannan ya shafe ruwan da laka, mai kauri a gadon baya, 'yar kaɗan a kaifi, ya gasa ya tsoma a ruwa. Kaifi ya yi tauri, baya ya rage da laushi don kada ya karye. Amma abin da ya fi burge ni shi ne wutsiyar da ke shigewa cikin ƙota. Nan maƙeri ke sassaƙa sunansa, sau da yawa har da shekara, kuma ba a taɓa wanke ta. Launin tsatsarta ma da shi ake gane tsufan takobi. Wasa shi kuwa sana'a ce daban, da duwatsu da hannu, a kwashe makonni. Su ma fa sun ga ta kansu: a 1876 aka hana rataya takobi, bayan 1945 aka hana ƙera shi na 'yan shekaru. Yau sai mutum ya yi shekara 5 a gaban maigida kafin ya sami izini.

Ba na ce ku bar hauya da lauje ba, su ke ciyar da gida. Sai dai idan tsohon takobi ya zo, mai da tsumma sun isa. Kube ya mutu, baduku ya yi sabo, a mayar wa mai shi tsohon. Wanda kuka ƙera da hannunku kuma, ko da ƙarfen tsohuwar mota ne, ku buga masa tambarin gidanku, ku bar aron na Bature. Ƙasar da take miƙa wa sarkin kokowa takobi tun gasar da aka fara a Tawa a 1975 ba za ta rasa mai tambayar wa ya ƙera ba.

Sauran magana ɗaya, ranka ya daɗe. A shekarun 1960 Nicole Echard ta ɗauki fim ɗin maƙeran yankinmu na Adar suna narka tama. Idan akwai tsohon da ya ga wannan aiki da idonsa, a tura samari su zauna gabansa tun kafin damina.

Wassalam.