Ƙaramar kalma mai babban aiki

Ɗan'uwa mai karatu, ɗauko kwalbar magani wadda aka sayo a Jibiya ko a Kano. Dubi rubutun da ke jikinta. Ingilishi ne. Daga Maraɗi har Damagaram, irin wannan magani ya cika kasuwanninmu. Kuma tun shekarar 2025, Ingilishi yana cikin harsunan aiki na ƙasarmu Nijar, tare da Faransanci.

To, in kana son koyon Ingilishi, daga ina za ka fara? Mutane da yawa suna fara da sunayen kaya: tebur, kujera, mota. Ni a ganina, ka fara da kalmomin da malamai suke kira bayanau. Bayanau kalma ce mai faɗin yadda aka yi aiki, ko yaushe, ko ina, ko sau nawa. Muna da su a Hausa: sannu, maza, jiya, can, kullum.

Ga dalilina. A jikin kwalbar nan za ka ga "once daily", wato sau ɗaya a rana. Ko ka ga "twice daily", wato sau biyu a rana. Kalma ɗaya tak ta raba su. Wanda bai san bambancin ba yana iya ba yaronsa magani ninki biyu. Haka "always" na nufin kullum, "never" kuwa na nufin kada a taɓa yi. "Shake well" na nufin a girgiza sosai.

Gane su ba wuya. Da yawansu suna ƙarewa da "ly". "Slow" mai nawa ne, "slowly" kuma sannu a hankali. Amma fa hattara, akwai tarko. "He works hard" na nufin yana aiki tuƙuru. "He hardly works" na nufin da ƙyar yake taɓa aiki. Ka ga, harafi biyu sun mai da gwarzo malalaci!

Wani zai ce: "Ai yanzu na iya karatun Hausa, ina ni ina Ingilishi?" Ba a ce ka haddace littafi ba. Rubuta kalmomi shida a allonka: once, twice, daily, always, never, well. Koyi ɗaya kowace rana. Kafin kasuwa ta zagayo ka gama.

Duk da haka, in rubutun magani ya shige maka duhu, tambayi likita. Matambayi ba ya ɓata.