Finafinan bazarar 2025: ɗumame ya yi yawa a akushin

1/ Masu kallon finafinan Amurka, ku matso kusa. Daga Juma'ar farko ta Mayu kakar manyan finafinansu za ta buɗe, sai farkon Satumba ta rufe. Mu kan ce bazara, amma a nan damina ce tsundum. Na zauna na duba jerin na 2025, doki ya kama ni, kuma wani abu ya tsaya mini a rai.

2/ Ga jerin a gurguje. 23 ga Mayu, Mission: Impossible na takwas, rana ɗaya da Lilo & Stitch. 13 ga Yuni, How to Train Your Dragon. 2 ga Yuli, Jurassic World Rebirth. 11 ga Yuli, Superman. 25 ga Yuli, Fantastic Four. Don Allah a nuna mini sunan da ba mu taɓa ji ba a nan.

3/ Ɗumame ne fa kusan duka. Ba raina ɗumame nake ba, duk wanda ya tashi a gidan da ake tuwon dare ya san daɗinsa da safe. Amma a ce da safe ɗumame, da rana ɗumame, da dare ma a sake ɗora shi a wuta, kuma a karɓi kuɗin sabon tuwo? Haba.

4/ Abin dariyar, fim ɗin da ya haifi wannan kakar sabo ne fil. Jaws, labarin kifin shak mai cin mutane, ya fito 20 ga Yuni 1975, a 2025 ya cika shekara 50 cif. Kafin shi kamfanoni ba su ɗauki lokacin zafi da daraja ba. Aka sake shi a sinima sama da 400 lokaci guda, aka cika talabijin da talla.

5/ Spielberg bai kai shekara 30 ba lokacin. Bayan shekara biyu Star Wars ya zo a Mayun 1977 ya ƙara tabbatar da lissafin: yara suna hutu, gari da zafi, sinima da sanyi. Kamar dai yadda ake ajiye babban fim sai Sallah, a Kano ko a Indiya.

6/ To me ya sa yanzu suke tsoron sabon labari? Kuɗi. Idan ka zuba dala miliyan 200 a fim, ban da na talla, kana son sunan da ɗan Chana da ɗan Birazil za su gane daga fosta ba sai an yi musu bayani ba. Yajin aikin marubuta da na 'yan wasa a 2023 ya ƙara sa su taka-tsantsan.

7/ Amma ɗumamen ma kala-kala ne. How to Train Your Dragon shi ya fi ba ni mamaki. Katun ɗin 2010 ne aka sake ɗauka da mutane, darakta Dean DeBlois da ya yi na farko, Gerard Butler ya dawo a matsayin uban. A tirelar har wurin da yaron ya miƙa hannu ya taɓa dodon iri ɗaya ne. To na kalli wannan tun ina firamare, me zan je nema?

8/ Jurassic kuma wannan ne na bakwai tun 1993. Sau bakwai ana gaya wa mutane kada su je tsibirin nan, sau bakwai suna zuwa. Scarlett Johansson da Mahershala Ali ba ƙananan 'yan wasa ba ne, amma ni dai na riga na san wa za a cinye.

9/ Tom Cruise daban ne, shi kam na ɗaga masa hula. Shekararsa 62 lokacin fitowar fim ɗin a 2025, tun 1996 yake wannan rawar, kuma ga shi a tirela yana lilo a jikin fukafukin ƙaramin jirgi a sararin sama, shi da kansa. Mutumin da ya karya ƙafa wurin ɗaukar na shida, aka bar wurin a cikin fim. Ba labarin ake zuwa kallo ba, ganganci ake zuwa kallo.

10/ Superman na James Gunn zan ba shi dama saboda dalili ɗaya: sun dawo da launi da fara'a, har da karensa Krypto. Na gaji da jarumin da ke ɗaure fuska awa biyu da rabi kamar an cinye masa gado.

11/ 28 Years Later, 20 ga Yuni, shi ne ɗumamen da aka yi wa sabuwar miya. Danny Boyle da Alex Garland da suka yi na 2002 sun dawo, kuma da iPhone aka ɗauki mafi yawansa. Masu tsoro su yi haƙuri.

12/ Yanzu ga inda zancen ya shafe mu. Ɗalibi ba ya da kuɗin tikiti shida. Idan garinku ma akwai sinima, ka haɗa tikiti da kuɗin mota da ɗan abin taɓawa, kuɗin handawut na wata ya tafi. Yawancinmu fim ɗaya za mu iya gani a babban allo, sauran sai sun sauko waya. Wanne za a ba wannan guda ɗayan?

13/ Ni F1 zan ba, 27 ga Yuni. Brad Pitt tsohon direban tseren mota da aka dawo da shi, Damson Idris na Snowfall, ɗan asalin Najeriya da aka haifa a Landan, shi ne matashin da ke ganin ya fi shi. An ɗauke shi a wuraren gasar ta gaske irin su Silverstone, motocinsu a jere da na gaske, Lewis Hamilton na cikin furodusoshi.

14/ Na san wani zai ce ai wannan ma tallar gasar ce, kuma tsoho ya dawo ya koya wa yaro shi ne dai Top Gun: Maverick, darakta ma ɗaya ne, Joseph Kosinski. Gaskiya ne, ban musa ba. Amma ban san wa zai ci tseren ba, kuma ƙarar injin nan ba abin ji a lasifikar waya ba ce.

15/ Masu cewa sabon labari ba ya kawo kuɗi su dubi Sinners da ya fito 18 ga Afrilun 2025. Ba kashi na biyun komai ba ne: tagwaye a Mississippi ta 1932, kiɗa, da masu shan jini. Ya buɗe da kusan dala miliyan 48 a Amurka, mako na biyu da ƙyar ya ragu. Wunmi Mosaku da ta fito a Annie, a Zariya aka haife ta, 'yan ABU ku ji.

16/ Kuma Ryan Coogler ya yi yarjejeniya cewa bayan shekara 25 mallakar fim ɗin za ta dawo hannunsa. Haka Oppenheimer a 2023, awa uku ana magana a ɗakuna, ya tara sama da dala miliyan 900. Kamfanonin nan lissafin tikiti suke karantawa, ba surutunmu na nan ba.

17/ Wanda ya riga ni ganin Mission: Impossible kada ya zo nan ya faɗa mini ko Ethan Hunt ya mutu, wallahi bulok ne. Ku kuma tikitinku guda ɗaya wa za ku ba?