Dandaƙa Halal Ce, Amma Wa Ya Halatta Taɓarya?

Akwai wani zalunci da ake tafkawa a garin nan na Kaduna da rana tsaka, a gaban yara da manya, kuma ba ka jin wanda ya ce uffan, saboda wanda ake zalunta ba shi da bakin kai ƙara wurin mai unguwa. Ina nufin irin dandaƙar da ake yi wa dabbobi a gidajenmu. Daga Rigasa zuwa Badarawa, daga Unguwar Shanu zuwa Hayin Banki, da wuya ka bi layi ɗaya ba ka ga turken akuya ko na tunkiya ba, domin kiwo shi ne asusun matan aure da zawarawa. To da zarar bunsuru ya balaga ya fara wari, ya hana awakin maƙwabta sakat, sai a aika a kira mai dandaƙa. A kayar da dabba, ƙarti biyu su danne ta, a ɗora jijiyoyin marainanta a kan taɓarya, a ɗauko ƙotar gatari ko guduma a yi ta bugu har sai an ji wurin ya yi laushi. Dabba tana kuka tana sakin fitsari, yara sun kewaye suna shewa. In an gama sai a shafa toka ko baƙin mai, a sake ta tana tafiya tana talewa. Wanda ya yi aikin kuwa ya wanke hannu ya wuce masallaci, sahun gaba ma. Subhanallah!

Da ka buɗe baki sai a ce maka, "Ai malamai sun halatta." To madalla, mu je ga malaman.

Gaskiya ne sun halatta. Duk wanda ya zauna gaban malami ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani ya san ta yi rangwame a kan dandaƙe tumaki da awaki saboda yana gyara nama, ta kuma kawo hani a kan dandaƙe dawaki. A babin layya ma ta fifita ragon da ba a taɓa ba, sannan dandaƙaƙƙe, sannan tunkiya, wato dandaƙa ba ta ɓata layya. Ahmad da Ibn Majah sun ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya yi layya da raguna biyu dandaƙaƙƙu. Duk wannan ba mai musu. Amma don Allah a duba dalilin rangwamen. An yarda da ɗan cutarwa ne saboda amfanin da ya fi shi girma, ba a ce a yi yadda aka ga dama ba. Shi ya sa malaman Shafi'iyya, kamar yadda Imam Nawawi ya kawo, suka ce a dabbar da ake cin namanta ya halatta tun tana ƙarama, in ta girma bai halatta ba. A cikin Muwaɗɗa ta Imam Malik an ruwaito cewa Abdullahi ɗan Umar yana ƙin dandaƙa gaba ɗaya. Mutanen da suka yi taka-tsantsan har haka, su za a jingina wa taɓarya da guduma a kan bunsuru mai shekara biyu?

Addinin da ya umarci mahauci ya wasa wuƙarsa ya hutar da abin yankansa, alhali nan da minti ɗaya dabbar za ta mutu, shi ne zai yarda a yi ta bugun wadda za ta rayu ta kwana da zogin har mako biyu? Annabin da ya la'anci wanda ya yi wa jaki lalas a fuska, ya kuma ba mu labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwa, shi za a ce ya yarda da wannan? Haba jama'a! A ji tsoron Allah. Mun haddace ruwayoyin nan tun muna aji uku a Islamiyya, amma da an zo kan turke sai mu yi musu kunnen uwar shegu.

Akwai kuma wasu 'yan uwa a ɗaya gefen da suke cewa dandaƙa ko wace iri haramun ce, canza halittar Allah ce, suna kafa hujja da aya ta 119 a Suratun Nisa'i. Lallai an ruwaito wannan fassara daga wasu magabata, wasu kuma suka ce addinin Allah ake nufi a wurin. Ba da su nake rigima ba yau. Sai dai su sani matar da ke da bunsuru uku a tsakar gidan haya ba za ta fasa ba, don haka gara a koya mata hanyar da ta fi sauƙi ga dabbar.

Kuma hanyar tana nan, ba a sama take ba. Akwai wani ƙarfe mai kama da babbar filaya da ake kira burdizo, sunan likitan dabbobin ƙasar Italiya da ya ƙirƙiro shi ne ya bi shi. Ba ya yanka fata, jini ba ya zuba. Ana kama jijiya ɗaya a matsar da ita gefe, a datse ta da shi kamar daƙiƙa goma, a saki, sannan a koma ɗaya gefen a datse ba daidai da na farko ba, domin kada a toshe jinin da ke ciyar da fatar jakar. Cikin makonni kaɗan marainan su motse da kansu. Abin da mai guduma yake nema da bugu ashirin ko talatin, yana farfasa nama yana tara jini a ciki, shi wannan ƙarfe yake yi a matsa biyu. Akwai zafi, kada wani ya yaudare ka, amma ina za a haɗa? Kuma tunda ba rauni a buɗe, ƙuda ba shi da wurin yin ƙwai.

Akwai zoben roba da ake sawa da wani ɗan ƙarfe mai buɗa shi, ya shaƙe jakar ta bushe ta faɗi. Wannan na jarirai ne kawai, a kwanakin farko na haihuwa. A Ingila doka ta taƙaita shi ga mako na farko, ta kuma ce ɗan maraƙin da ya wuce wata 2 likita ne kaɗai zai dandaƙe shi, da allurar kashe zafi. Abin kunya ne a ce waɗanda ba su karanta babin yanka ba su ne suka rubuta wannan a dokarsu, mu kuma muna yanko robar tayar keke muna ɗaure wa balagaggen rago. Abin da ke biyo baya sananne ne: wurin ya kumbura, ya ruɓe, ya yi ɗoyi, wani lokaci ciwon sarƙe-haƙora ya shiga, dabba ta sandare kamar itace ta mutu. Ƙwayar wannan ciwo a cikin ƙasa da kashin dabbobi take zaune, to ka ga wanda ya yi fiɗiya da tsohuwar reza ya cusa kashin shanu wai magani, da hannunsa ya shuka cutar.

Fiɗiya da wuƙa ita ma hanya ce, likitoci suna yin ta, amma da allurar kashe zafi, da ƙarfen da aka tafasa, da ɗaure jijiya don kada jini ya ƙwace, da allurar rigakafi. Kuma mai hankali ba ya yin ta tsakiyar damina. A Kaduna ruwa yakan kai Oktoba, ƙuda ya yi yawa, kwana uku rauni ya cika da tsutsa. Lokacinta sanyin hunturu, da sassafe.

Ko da mutum bai damu da hisabi ba, ai ya damu da aljihunsa. Dabbar da aka farfasa wa jiki takan yi kwanaki ba ta cin abinci, ta zube, a koma sayen magani, garin neman ƙiba an samo rama. In ta mutu kuwa, jarin wata baiwar Allah ne ya tafi, wadda ta yi adashe wata shida kafin ta saya a kasuwar Kawo. Mai dandaƙa ya riga ya karɓi ladansa, sai dai ya ce kwana ne ya ƙare. Kullum kwana ne yake ƙarewa, ba a taɓa cewa gudumar ce ba.

Wani abu da masu kiwon turke ba su cika sani ba: taure da dandaƙaƙƙen rago sun fi saurin kamuwa da tsakuwar mafitsara, musamman wanda aka yi wa tun yana ɗan kwanaki, domin hanyar fitsarinsa ba ta buɗe sosai. In aka haɗa masa da dusa zalla safe da yamma, ba harawa ba isasshen ruwa, wata rana sai a ga yana nishi yana yunƙuri fitsari ya ƙi fita. Saboda haka lokacin da ya dace a yi wa kowace dabba tambaya ce ta likita, ba ta mai guduma ba. Haka shanun huɗa, waɗanda manoma suke bari sai wuya ya yi kauri tozo ya fito kafin a dandaƙe su. In dole sai sun girma, to dole sai da allura, ba a tara ƙarti shida da igiya ba.

Sannan dubi wata wauta. Babban rago mai ƙira, Balami ko Uda, shi ake ware wa turke a sayar da Sallah, jan bunsuru mai kyau shi ake mayarwa taure, a bar ɗan tsamurmurin da ba mai so yana barbara. Shekara biyar a dawo ana cewa irin yanzu ba ya girma. Yaya zai girma?

Na kyanwa kuwa ya fi ban takaici. Samari sun shiga kiwon maguna masu gashi da karnukan gadi, in muzuru ya dame su da kuka da fitsari sai su cusa kansa cikin buhu ko takalmin roba su sa masa reza, ko su ɗaure shi da kyauron ɗaurin kuɗi. Ba namansa za a ci ba, don haka hujjar gyaran nama ba ta nan. Malaman zamani da suka yi rangwame a kai sun yi ne da sharaɗin akwai buƙata kuma ba azabtarwa. Wurin likita ana sa shi barci ne, aikin minti kaɗan. Wanda ba zai iya biyan wannan ba ya bar muzurun yadda Allah ya halicce shi.

Ba kuma za a ce ba masana a kusa ba. Kwalejin aikin gona da kimiyyar dabbobi tana nan a hanyar Mando, ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, shekara da shekaru tana yaye ɗalibai. Asibitin koyarwa na likitocin dabbobi yana Zariya, cibiyar binciken kiwo tana Shika. Dokar Final Kod da Arewa ta fara aiki da ita a 1960 ta sa azabtar da dabba cikin laifuffuka. A 2024 gwamnatin tarayya ta kafa ma'aikata sukutum ta bunƙasa kiwo. Ilimi yana nan, doka tana nan, ofis yana nan, amma taɓarya tana nan daram a lungu, domin ba wanda ya ɗauki ilimin ya kai shi ƙofar gidan mai akuya biyu.

To mu ba sai mun jira kowa ba. Limaman Juma'a da ke shafe makonni suna bayanin shekarun ragon layya da lafiyar idonsa su ware huɗuba ɗaya a kan wannan kafin a fara turke. Shugabannin zangon Tudun Wada da na kasuwar Kawo su hana bugun guduma a harabarsu, su ne masu faɗa a ji a can. Su kansu masu dandaƙar ba korarsu za a yi ba, sana'arsu ce, wasu gado suka yi. A tara su a kira malamin dabbobi ya nuna musu yadda ake riƙe burdizo da inda ake datsewa. Ƙarfen nan guda ɗaya ya ishi unguwa guda shekaru, in ana wanke shi ana shafa masa mai. Kwamitin masallacin da ya iya tara kuɗin lasifika huɗu da janareta ba zai gaza sayen guda biyu ba, ƙarami na awaki da tumaki, babba na shanu, a ajiye su wurin mai unguwa.