Ra'ayi: "Wasa ɗaya ne ya yanke ni"

Duk wanda ke zama a majalisar samari a Kinkinau ta Kaduna ranar Lahadi da daddare, bayan an tashi daga gidan kallon ƙwallo, ya san maganar nan: "Wallahi wasa ɗaya ne ya yanke min tikiti." Yaro zai miƙo maka waya da gilashinta a tsage, wasa goma ya haɗa a tikitin caca, tara sun yi kore, ɗaya ya yi ja. Har da ɗan alfahari yake faɗa. Ni kuwa raina ne ke ɓaci, domin wannan "saura ƙiris" ɗin shi ne ƙugiyar da ke maido shi ranar Asabar da kuɗin da ya kwana yana nema a kan Keke Napep.

Mu ɗauka kowane wasa canki ne na rabi da rabi. Damar cin goman duka 1 ce cikin 1,024. Damar cin tara a faɗi ɗaya kuwa 10 ce cikin 1,024, tunda kowanne cikin wasannin goma na iya zama wanda zai yanke ka. Ninki goma ke nan. To, ka ce kai gwani ne, ka san Arsenal fiye da kocinta, kana dacewa sau 7 cikin 10. Duk da haka damar cin tikitin ba ta kai 3 cikin 100 ba, ta faɗuwa da wasa ɗaya tak kuma ta haura 12 cikin 100. Wannan lissafi ba sirri ba ne. Yana cikin littafin Jacob Bernoulli da aka buga a 1713, kuma kamfanonin caca sun haddace shi.

Cacar lambobi ta fi rashin kunya. A zaro lamba 5 cikin 90, kai ka canki biyu. Damarka 10 ce cikin 4,005, wato kusan 1 cikin 400, amma in ka dace ninki 240 ake biyanka. Ragowar fa, aljihun wa ta shiga?

Malamai sun faɗa a kan mumbari cewa caca haramun ce, kuma gaskiya suka faɗa. Yaron ya ji, ya fito daga masallaci ya sake haɗa tikiti, don zuciyarsa na raya masa cewa ya kusa. A nan nake jin haushin makarantunmu. Ana koyar da lissafin damar nan a sakandare, amma da ƙwallaye ja da shuɗi a cikin jaka, a haddace a zuba wa WAEC a manta. Me ya hana malamin lissafi ya rubuta tikitin wasa goma a allo, ɗalibai su ninka da hannunsu har su ga 1,024 ɗin?

Gwamnati ma ba ta da sauran uzuri. A Nuwamban 2024 Kotun Ƙoli ta soke dokar caca ta ƙasa ta 2005, ta ce hurumin jihohi ne. A shekarar ce kuma Hisbah ta rufe shagunan caca a Kano. Rufe shago kaɗai ba zai isa ba, shagon ya koma cikin waya. Ya kamata majalisar dokokin jihar Kaduna ta tilasta wa duk kamfanin da ke karɓar kuɗin 'ya'yanmu ya rubuta ainihin damar cin kowane tikiti ɓaro-ɓaro, da Hausa, kafin yaro ya danna ya biya.