Izinin uban ƙasa da yardar mai jiki

Duk mai binciken lafiya da ya nufi gari irin Sanyinna, a ƙaramar hukumar Tambuwal, yana neman waɗanda za a gwada magani a kansu ko a ɗebi jininsu, ya san ƙofar da zai bi. Zai gaida uban ƙasa, ya ga liman, a yi shela, kafin la'asar takardu sun cika da dangwalen yatsa. Wannan ladabi ne, kuma babu aikin da zai yiwu ba tare da shi ba. Sai dai abin da uban ƙasa ya bayar izinin shiga gari ne. Yardar wanda allura za ta shiga jikinsa tana nan ba a nema ba.

Kano ta ɗanɗana kuɗarta a kan wannan. A 1996, lokacin da sanƙarau ya kashe fiye da mutum 10,000 a Najeriya, kamfanin Pfizer na Amurka ya gwada sabon maganinsa Trovan a Asibitin Zana. Yara 200 aka sa a gwajin, kusan rabinsu aka ba Trovan, sauran aka ba su wani sanannen magani don a kwatanta, kuma 11 suka rasu. Kamfanin ya ce cutar ce ta kashe su, kuma iyaye sun amince da baki. Iyaye da dama sun ce ba wanda ya gaya musu gwaji ake yi. A 2009 aka yi sulhu da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75.

Gardamar ta rataya ne a kan kalma guda. Uwar da ɗanta ya sanƙare a hannunta, idan ta ga farar riga, likita ta gani, abin da ya miƙo mata kuma magani ne. Ba za ta kawo a ranta cewa shi ma bai tabbatar da aikinsa ba, balle ta san cewa ƙuri'a ce za ta raba wanda zai sha wannan da wanda zai sha wancan. Ga kuma kunya. Matar da mijinta ya riga ya ce "to" a zaure, da wane baki za ta ce a'a a gaban baƙo? Idan aka ƙara da kuɗin mota da ya fi abin da magidanci ke samu a yini, tayin ya zama ƙugiya.

Abin da ya biyo baya ya fi kuɗin diyya tsada. A 2003, da Kano ta dakatar da rigakafin shan-inna, labarin Trovan na cikin hujjojin da ake kawowa. Ba a koma ba sai Yulin 2004, kuma cutar ta bazu har Yaman da Indonesiya.

Amma masu cewa a rufe ƙofa gaba ɗaya su ma ba su yi lissafi ba. Allurar MenAfriVac, wadda ta iso Arewa a 2011 ta kusan kawar da sanƙarau nau'in A, an gwada ta ne a jikin 'ya'yan mutanen Mali da Gambiya. Da nau'in C ya yi ɓarna a Zamfara da Sakkwato a 2017, ita ba ta da iko a kansa. Sabuwar allura mai maganin nau'i biyar, da Najeriya ta riga kowace ƙasa amfani da ita a 2024, ita ma daga gwajin waɗannan ƙasashen ta fito. Wasu iyaye ne suka miƙa hannun 'ya'yansu, yaran Tambuwal da Kebbe suka ci moriya.

Ƙa'ida kuwa akwai ta. Tun 2007 Najeriya ke da kundin ladubban binciken lafiya, kuma ba a fara gwaji sai wani kwamiti ya duba shi. Amma kwamiti a Sakkwato ko Abuja yake zama. Wanda ke tsaye a zaure shi ne tafinta, galibi ɗan yankin ne da ya yi boko, ma'aikacin asibiti ko ɗalibin jami'a, mai son ya cika adadin da aka ɗora masa. A bakinsa "gwaji" ke rikiɗewa ya koma "taimako". Shi ya kamata ya ware matar daga taro, mace ta yi mata bayani da Hausa: ba a tabbatar da wannan maganin ba tukuna, in ta ƙi za a duba ɗanta kamar kowa, in ta shiga tana iya fita ranar da ta so. Sannan a ce ta maimaita da bakinta kafin a kawo tawada.