Mu yi wa ƙungiyarmu ajo da langa da dara



Yau maganar kuɗi za mu yi. Duk wanda ya taɓa riƙe muƙami a ƙungiyar makaranta, ta muhawara ce ko ta wasan kwaikwayo ko ta raya harshen Hausa, ya san wannan ciwo: an gayyace ku gasa a Gusau, amma babu kuɗin mota. Sai a rubuta takarda a kai gidan wani mai hali, a yi ta sintiri har zangon karatu ya ƙare, shiru kake ji.

Iyayenmu suna da wata hanya, sunanta ajo. Idan makaɗi ko ɗan wasa yana da buƙata, sai ya sa rana, ya gayyaci jama'a, a yi wasa, kowa ya ba da abin da ya sawwaƙa. Ya faranta wa mutane rai, su kuma sun share masa hawaye, ba wanda ya roƙi wani. Shawarata ga ɗaliban Talatar Mafara da Bakura da Maradun ita ce ku yi wa ƙungiyoyinku ajo da wasannin gargajiya, a filin makaranta, da rana tsaka.

Me ya sa na ce na gargajiya? Domin ba su cin jari. Gasar ƙwallo tana son ƙwallo da riguna da raga da alƙalin da za a sallama. Langa fa? Ƙafa ɗaya da fili. Ka kama babban yatsan ƙafarka ta baya da hannu, ka yi ta tsalle da ɗayar. Kowane ɓangare yana da wanda ake kira ruwa, shi ne ake so ya kai wurin sha, sauran kuma su kare shi, su ture abokan karawa. Wanda ya faɗi ko ya saki ƙafarsa ya fita. Daɗin langa a wurin ɗan kallo shi ne ƙarfi kaɗai ba ya kai mutum. Sau da yawa ƙatti suna can suna bangazar juna, wani siririn yaro ɗan aji ɗaya zai sulale ta gefe ya sha. Ranar nan ba wanda zai ji kunnensa don ihu.

Dara kuwa gurbi 30 ake tonawa a ƙasa, jeri 5 sau 6. Kowa yana da 'ya'ya 12, wannan da tsinke, wancan da tsakuwa. Ka jera uku a layi, ka cire ɗan abokin wasanka ɗaya. A nan nake so ku yi wayo: ku haɗa gwanin lissafin makarantarku da dattijon da ya fi kowa dara a unguwa. Ni dai na san wanda zan goya wa baya, kuma ba mai rigar makaranta ba ne. 'Yan mata ga carafke, ga gaɗa, a ware musu wurinsu da malamansu mata.

Kada wani ya ce muku wannan ƙauyanci ne. Langa da kokawa da dambe suna cikin wasannin da jihohi ke karawa a kansu a bikin wasanni na ƙasa. Maƙwabtanmu na Nijar tun 1975 suke gasar kokawa ta ƙasa, wadda zakaranta ke ɗaukar takobi, ana nuna ta a talabijin, manyan gwamnati na zaune suna kallo.

Akwai dalilin da ya fi kuɗin nauyi. Waɗannan wasanni a dandali aka san su, bayan sallar isha'i, da farin wata, musamman da kaka idan an kai amfanin gona gida. Ku da kanku kun san abin da ya sami daren ƙauyukanmu. Abin da ya faru a makarantar Jangebe a watan Fabrairu na 2021, da na Kaya a watan Satumba na 2021, ba a gaya muku ba, kun gani. An rufe makarantu, an rufe kasuwannin mako, iyaye suka hana fitar dare, kuma suna da gaskiya. To yaron da aka haifa cikin wannan hali, a ina zai koyi langa? Wasa ba a littafi yake zama ba, ƙane ne ke ɗauka daga wansa. Idan sa'o'inku suka fita sakandare ba su koya wa na ƙasa ba, igiyar ta tsinke ke nan.

Sai dai a yi abin da tsari. Izinin shugaban makaranta ne farko, shi zai sanar da uban ƙasa da jami'an tsaro. A fara da hantsi, a watse kafin la'asar, kowa ya isa gida da sauran rana. 'Yan Mafara kada ku sa ranar Talata, kasuwa za ta ƙwace muku 'yan kallo. Dambe ku bar wa masu shi. Na san za a ce ai shi ne mai tara jama'a, har Ɗan Anace ya yi wa Shago waƙar da ba a manta ba. Haka ne, amma haƙorin ɗalibi ɗaya da ya zube zai cinye abin da kuka tara, kuma ba za a sake ba ku izini ba. Caca a kan 'yan wasa ma a hana ta tun daga ƙofa.

Ga lissafi mai sauƙi. Idan aka sa naira 100 a ƙofa, mutum 300 suka shiga, an sami naira 30,000, ban da ɗan abin da masu sayar da rake da ƙuli-ƙuli da zoɓo za su biya na wurin zama. Kyautar gwanaye ba sai an saya ba. Cikinku akwai 'ya'yan manoman rani na Bakolori, ku roƙi tiyar shinkafa ko kwandon dankali. A ba kowane mai shiga 'yar takarda mai lamba, a ƙirga kuɗin a gaban malami, washegari a rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita a allon sanarwa kowa ya gani.

Makarantar da ta gwada ta rubuto mana yadda ta kaya, da sunan ajin da ya ci langa, za mu buga a wannan shafi. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu.